Asali Jari Ne: Gidajen Sarautar Jamus a Kasuwar Aure



A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka shiga Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita daga garin. Kafin shekarar ta ƙare Jamusawa sun kama Garwa, a farkon 1902 kuma suka kai Marwa. Haka Adamawa ta rabu biyu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sarakunan nan biyu da aka yi rabon da sunansu kawu ne da ɗan yayarsa. Sarkin Ingila Edward na 7 ƙanin mahaifiyar Kaisar Wilhelm na 2 na Jamus ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi kansa Edward ɗin, wanda a zamaninsa aka ci Kano da Sakkwato a 1903, in aka bi ta wajen uba Bajamushe ne. Sunan gidansu Saxe-Coburg da Gotha, wata 'yar ƙasa a tsakiyar Jamus da faɗinta bai cika murabba'in kilomita 2,000 ba, mutanenta kuma wajen 250,000.

To ina 'yar ƙasar nan ta samo ƙarfin ba Ingila sarki? Ba ta da runduna ta a zo a gani, ba ta da jirgin ruwa, ko gaɓar teku ba ta da ita. Abin da ta mallaka shi ne takardar asali, da 'ya'ya maza da mata waɗanda takardar ta buɗe musu ƙofar kowace fada a Turai. Ni a ganina, wanda ya ɗauki littattafan nasabar sarakunan Jamus kayan alfahari kawai bai fahimce su ba. Jari ne. Da shi suka yi fatauci shekara wajen 200, suka ci riba, daga baya kasuwar ta watse ta bar su da kaya a hannu.

Mu fara da yawansu. Kafin zamanin Napoliyon, abin da muke kira Jamus yau ƙasashe ne wajen 300 a ƙarƙashin inuwar daula guda. Akwai manya, akwai waɗanda mahayi zai ratsa tsakanin hantsi da azahar. Rabon gado ne ya kawo haka, don sarakunan sun ɗauki ƙasa dukiyar gida ce, uba ya mutu 'ya'ya maza su raba. Dokar da Sarkin Sarakuna Karl na 4 ya kafa a 1356 ta hana yanka ƙasashen da ke ɗauke da kujerar zaɓen sarki, su bakwai, amma sauran ƙasa kowa da wuƙarsa. Gidan Wettin, wanda Coburg ta fito daga cikinsa, ya rabu biyu a birnin Leipzig a 1485 tsakanin wa da ƙane, Ernst da Albrecht. Zuriyar Ernst ce ta tsaya wa Martin Luther, jagoran ɗariƙar Furotesta, aka ci su da yaƙi a 1547, kujerar zaɓen sarki ta koma hannun 'yan'uwansu. Daga nan suka shiga rabon abin da ya rage, rabo kan rabo: Weimar, Gotha, Meiningen, Altenburg, Coburg. Kowane yanki da fadarsa, da fadawansa, da bashinsa, da 'yan matan da za a aurar.

Wanda yake son ganin inda abin ya kai, ya leƙa gidan maƙwabtansu na Reuss. Shekaru ɗaruruwa ke nan duk ɗa namiji da aka haifa a gidan nan sunansa Heinrich. Uba Heinrich, ɗa Heinrich, wa da ƙane Heinrich. Dole aka koma ba su lamba bisa jerin haihuwa, kuma a reshe ɗaya na gidan ana fara ƙirga ne daga farkon ƙarni, in ƙarnin ya ƙare a dawo kan 1. Shi ya sa aka yi sarki mai suna Heinrich na 72, wanda ya sauka daga mulki a 1848. In kun tuna labarin Disamba 2022, lokacin da 'yan sandan Jamus suka kama wani dattijo Heinrich na 13 bisa zargin shirya juyin mulki, to ɗan gidan ne, ko da yake danginsa sun fito sun ce ba da yawunsu ba.

Manya da ƙananansu, ƙa'ida ɗaya ta ɗaure su: ƙwarya ta bi ƙwarya. Ɗan gidan da ke mulki ba ya auren kowa sai 'yar gidan da ke mulki. In ya auri wadda ba ta kai ba, auren ya ɗauru a coci, 'ya'yan na halal ne, amma ba su gadon sarauta, ba su amsa sunan gidan ubansu, matar kuma ba ta zama kusa da shi a taro. Nan ne abin zai yi wa Bahaushe banbaraƙwai. A masarautunmu uba ake bi, ɗan sa-ɗaka ɗan sarki ne kamar ɗan matar aure, kuma da yawa irinsu sun hau karaga. A Jamus uwa tana iya rage wa ɗanta daraja. Kakar kakarsa ma tana iya.

Ba zuguguwa na yi ba. Basaraken da yake nema wa ɗansa kujera a majalisar babban cocin Mainz, kujera mai kuɗin shiga mai tsoka, wadda daga cikin masu ita ake zaɓen bishop mai mulkin ƙasa, sai ya kawo shaidar kakanni 16. Ku ƙirga tare da ni: iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kakannin kakanni 16. Kowane ɗaya cikin 16 ɗin nan sai ya kasance haifaffen gidan sarauta. A zana tambarin gidan kowannensu a kan fata, a kai gaban majalisa, sannan wasu sarakai su rantse cewa abin da ke rubuce gaskiya ne. In kakan kakanka ya ga 'yar attajiri ta kwanta masa a rai ya aura shekara 100 da suka wuce, kai za ka biya bashin. Kowane aure da aka ɗaura a gidan hukunci ne a kan jikokin da ba a haifa ba tukuna. Don haka ba a bar wa ƙwaƙwalwar tsofaffi wannan aiki ba. Aka rubuta, aka adana takardun baftisma da na aure, aka sami malamai waɗanda sana'arsu ke nan. A 1590 wani mai suna Michael Eytzinger ya buga littafi a birnin Cologne da wani tsarin lamba mai sauƙi: kai ne 1, mahaifinka 2, mahaifiyarka 3, uban kowa ninkin lambarsa ne, uwarsa kuma ninki da ƙarin ɗaya. Har yau da wannan lissafi masu binciken asali suke aiki a kwamfuta.

Kasuwa kuwa tana buƙatar littafin da mai saye zai duba. A 1763 aka fara buga wani ɗan kundi a garin Gotha, shekara-shekara, mai suna Almanach de Gotha. Daga 1785 kamfanin Justus Perthes ya riƙe shi, bai daina ba sai 1944. A cikinsa ake jera gidajen sarautar Turai, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya mutu. Uwar da take nema wa ɗanta mata shi take buɗewa, haka jakadan da yake son sanin wa zai fara gaisarwa. Napoliyon da kansa ya san nauyin littafin. A 1807 ya fusata da ya ga har yanzu ana lissafa sarakunan da ya tuɓe, ya sa aka janye bugun 1808 aka sake shi yadda yake so.

Zamanin nasa ne ya nuna ainihin darajar takardar. Tsakanin 1803 da 1806 aka haɗiye yawancin ƙananan ƙasashen nan, daular ma ta rushe. Bayan taron Biyana na 1815 saura 39. Amma gidajen da suka rasa ƙasa sun tsira da abu ɗaya a rubuce cikin yarjejeniya: har yanzu ana ɗaukarsu tsaran masu mulki a wajen aure. Mutum ba shi da talaka ko ɗaya, amma 'yarsa ta isa ta auri sarki. Kundin Gotha ya keɓe musu sashe nasu.

Su wa suke saye? Ingila ce ta fara babban ciniki. Dokarta ta 1701 ta ce Katolika ba zai hau karaga ba, aka tsallake mutum fiye da 50 da suka fi kusa, aka tsaya a kan Sophia ta Hanover, jikar Sarki James na 1. Ta rasu makonni kaɗan kafin Sarauniya Anne a 1714, sai ɗanta George ya zo daga Hanover ya zama sarki, Turancin ma bai zauna a bakinsa ba. Rasha ta biyo baya. A 1744 aka kai wata yarinya 'yar shekara 14 daga ɗan ƙaramin gidan Anhalt-Zerbst don a aurar wa magajin sarauta. Ta bar ɗariƙarta ta shiga ta Rashawa, ta canja suna, a 1762 ta ture mijin ta hau, ta yi shekara 34 tana mulki. Ita ce Katarina Babba. 'Yan matan gidajen Furotesta sun fi shiga kasuwar Rasha saboda sukan yarda su canja ɗariƙa, abin da 'yar Katolika ba ta cika yi ba.

Amma gwanin dillalan wannan kasuwa shi ne Leopold na Coburg, auta cikin mazan gidansu, wanda ba shi da rabon sarauta a gida. A 1816 ya auri Charlotte, magajiyar karagar Ingila. Bayan shekara ɗaya da rabi ta rasu wajen haihuwa. Wani da ya koma gida ya rungumi ƙaddara. Shi kuwa yayarsa ta auri ɗan sarkin Ingila a 1818, aka haifi Biktoriya a 1819, wadda daga baya ta zama sarauniyar Ingila. Aka yi masa tayin sarautar Girka a 1830 ya ƙi, a 1831 ya karɓi ta Beljiyam, sabuwar ƙasa, inda zuriyarsa ke mulki har yau. A 1836 ya shirya auren ɗan wansa Ferdinand da sarauniyar Fotugal. A 1840 kuma ya cika burinsa, Biktoriya 'yar yayarsa ta auri Albert ɗan wansa. Tuwona maina. Suka haifi 'ya'ya 9, jikoki 42, aka watsa su fadojin Turai. A 1887 wani ɗan gidan ya karɓi Bulgeriya. Jikan wannan, Simeon, ya zama sarki yana ɗan shekara 6 a 1943, aka kore shi a 1946, ya dawo a 2001 ya ci zaɓe ya zama firaminista.

Dalilin da sababbin ƙasashe suke zuwa Jamus neman sarki ba ɓoyayye ba ne. In suka naɗa ɗan gida, sauran manyan gida ba za su bi shi ba. In suka ɗauko ɗan sarkin Faransa ko na Rasha, sauran manyan ƙasashe za su ce an yi musu ƙafar ungulu. Ɗan ƙaramin gidan Jamus kuwa asalinsa ya kai, ƙarfinsa bai kai ya tsorata kowa ba. Haka Girka ta ɗauki Otto na gidan Wittelsbach na Bavariya a 1832, Romaniya ta ɗauki Karl na reshen Katolika na gidan Hohenzollern, gidan sarakunan Prussia, a 1866. Da Sifaniya ta nemi wan Karl ɗin a 1870 sai lissafin ya ƙi, don Faransa ta ga sunan Hohenzollern gabas da ita da kudu da ita. Aka yi yaƙi, Faransa ta sha kashi, a 1871 aka naɗa sarkin Prussia Kaisar na Jamus duka. Waɗanda ba su sami karaga ba kuwa sukan shiga soja, wasu su nufi ƙasashen mallaka. Gwamnan Jamus na ƙarshe a Togo, daga 1912 zuwa 1914, Adolf Friedrich ne na gidan Mecklenburg, wanda kafin nan ya zaga yankin tafkin Chadi. Ƙanensa shi ne mijin sarauniyar Holan.

Abin da ya fi ba ni dariya cikin tarihin nan shi ne makomar waɗanda ƙa'idar ta yar. A 1851 Yarima Alexander na Hesse ya auri Julia Hauke, wata mai hidima a fadar Rasha, wadda asalinta bai kai ba. Aka cire 'ya'yansu daga layin gado, aka ƙirƙiro musu suna Battenberg. Haka aka yi wa zuriyar wani ɗan gidan Württemberg, aka kira su Teck. A fadar Balin ana yi musu kallon hadarin kaji. Sarauniya Biktoriya kuwa ba ta damu da wannan ƙa'ida ta Jamusawa ba, ta ba ɗan Battenberg autarta Beatrice a 1885. Mary ta gidan Teck ta auri George na 5, ita ce kakar Sarauniya Elizabeth ta 2. Mahaifiyar Yarima Philip, mijin Elizabeth, kuma 'yar Battenberg ce. Ke nan Sarki Charles na yau ya haɗa jinin gidaje biyun da aka ce ba su isa su gaji 'yar ƙasa a Jamus ba. Su kuwa masu tsantsenin, ko ɗaya babu a kan karaga.

A wani wurin abin ba na dariya ba ne. Magajin Ostiriya, Franz Ferdinand, ya nace sai ya auri Sophie Chotek. Ranar 28 ga Yuni 1900 aka sa ya rantse cewa 'ya'yansu ba za su gaji sarauta ba. Ranar 28 ga Yuni 1914 aka harbe su tare a Sarajevo. Ko a wajen jana'iza sai da aka ajiye akwatin gawarta ƙasa da nasa.

Wannan harbi ne ya gwada abin da masu shirya auren suka daɗe suna faɗa, wai in sarakuna dangi ne ba za a yi yaƙi ba. George na 5 da Wilhelm na 2 jikokin Biktoriya ne. Matar Nicholas na 2 na Rasha ita ma jikarta ce, shi kuma Nicholas mahaifiyarsa da ta George ya da ƙanwa ne. Wilhelm yana gefen gadon kakarsa lokacin da ta cika a 1901. Duk wannan bai tsayar da harsashi ko ɗaya ba, don mulki ya riga ya koma hannun hafsoshi da majalisu da jaridu, talakawa kuma sun fara tambayar wani abu da kundin Gotha ba shi da shafinsa: kai ɗan wace ƙasa ne?

Nan jarin ya zama bashi. Louis na Battenberg, babban hafsan sojan ruwan Ingila, dole ya ajiye aiki a Oktoba 1914 saboda asalinsa. Ranar 13 ga Yuni 1917 jiragen saman Jamus da aka ƙera a garin Gotha, masu ɗauke da sunan garin, suka yi ruwan bama-bamai a Landan, mutum 162 suka mutu. Ranar 17 ga Yuli George na 5 ya sanar cewa gidansa ya koma Windsor, 'yan Battenberg kuma suka zama Mountbatten. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne Charles Edward, shi ma jikan Biktoriya, haifaffen Ingila, wanda aka tura yana ɗan makaranta ya gaji Coburg a 1900 saboda layin gado ya faɗo kansa. Ya tsaya a ɓangaren Jamus, Ingila ta ƙwace sarautunsa a 1919, daga baya ya bi Hitila ya shugabanci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Jamus a zamanin 'yan Nazi. Shi ne kakan sarkin Suwidin na yanzu ta wajen uwa.

A watan Nuwamba na 1918 karagu 22 na Jamus suka faɗi cikin wata guda. Gidan Wittelsbach, wanda ya riƙe Bavariya tun 1180, shekara 738, ya bar fada cikin dare. Wilhelm ya tsere zuwa Holan, can ya mutu a 1941. Tsarin mulkin 1919 ya soke duk wani fifiko na haihuwa, ya ce laƙabin sarauta ya zama ɓangaren sunan mutum kawai. Dukiya kuwa ta fi sarauta taurin rai. A ƙuri'ar raba gardama ta 1926 mutum miliyan 14.5 suka ce a ƙwace kadarorin sarakuna ba diyya, amma ana buƙatar kusan miliyan 20, sai maganar ta mutu.

Akwai wani juyi mai muni da bai kamata a tsallake ba. Dabarar nan ta ƙirga kakanni don a san wa ya isa, 'yan Nazi sun ɗauke ta suka ɗora wa kowa. Tun 1920 babbar ƙungiyar masu asalin sarauta ta Jamus ta rufe ƙofarta ga mai jinin Yahudawa. Daga 1933 ma'aikacin gwamnati sai ya kawo shaidar kakanninsa huɗu, hafsan rundunar SS ta 'yan Nazi kuma sai ya bi asalinsa har zuwa 1750. Mutane suka yi ta rubuta wa coci-coci takarda suna neman a duba musu tsofaffin littattafan baftisma. A da layi ɗaya cikin littafin yana hana mutum kujera. Yanzu yana iya kai shi sansanin mutuwa. Masu asalin sarauta da yawa sun shiga jam'iyyar, har da ɗan Kaisar guda. Daga cikin masu asalin kuma aka sami Stauffenberg, wanda ya dasa wa Hitila bam a 1944, da gidan Wittelsbach waɗanda aka tsare har da yaransu.

Yau a dokar Jamus babu basarake. Tunda laƙabi suna ne kawai, ana iya samunsa ta hanyar riƙo. A 1980 wata tsohuwar gimbiyar gidan Anhalt ta ɗauki wani baligi mai suna Lichtenberg a matsayin ɗa, ya wayi gari Yarima, ya je Amurka ya auri 'yar fim Zsa Zsa Gabor. Su kuwa 'yan gadon suna da ma'ajiyar takardunsu a Marburg, suna ci gaba da buga kundin nasaba, irin waɗannan 'ya'yan riƙo ba sa shiga sahun 'yan gida.

Ƙa'idar ƙwarya ta bi ƙwarya ma ba ta mutu da sauri ba. Da shugaban gidan Hohenzollern, Louis Ferdinand, ya rasu a 1994, an tsallake manyan 'ya'yansa biyu saboda sun auri talakawa, gadon ya faɗa kan jikansa Georg Friedrich mai shekara 18. Baffannin suka tafi kotu. A 2004 kotun tsarin mulki ta Jamus da ke Karlsruhe ta ce sharaɗin da aka sa cikin tsohuwar wasiyyar gidan yana tauye 'yancin mutum na auren wadda yake so. Duk da haka Georg Friedrich ne ya ci gaba da shugabancin gidan. Da ya tashi aure a 2011, a Potsdam, sai ya auri Gimbiya Sophie ta Isenburg, ɗaya daga cikin gidajen nan da suka rasa ƙasarsu a 1815 aka bar musu takarda.